Kafin ku zana wa mai tazarce hoto, ku nemi wanda jama'a suka riga suka zana masa

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa don kada in ba ka amsar tsaye-tsaye. Ka ce an saka ka a kwamitin yaɗa labarai na shugaban ƙasa mai neman tazarce, kuma kwamitin ya rabu gida biyu. Wasu na son a cika rediyo da talabijin da intanet da ayyukan da ya yi, wasu na cewa a bar wannan a dira a kan abokin hamayya. Kana son sanin wanne ya fi, da kuma inda ake fara tsarin.

Na yi shekaru a ɗakin labarai na rediyo ina bin zaɓuka, daga baya na tsallaka na yi aiki da masu neman tazarce har sau biyu. Kujerun ba su kai ta shugaban ƙasa ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Mun ci ɗaya, mun sha kaye a ɗaya, kuma yawancin abin da zan faɗa maka a kayen na koye shi.

Wanda ke neman kujera karo na farko fata yake sayarwa. Babu wanda ya taɓa ganin mulkinsa, don haka kowa na iya ɗora masa burin da ya ga dama. Mai tazarce ba shi da wannan gata. Shekara huɗu ko biyar mutane suna kwana suna tashi a ƙarƙashinsa, sun riga sun yanke masa hukunci a zuci tun kafin ku buga fasta ko ɗaya. Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauka mu ne za mu gaya wa jama'a wane ne ɗan takararmu, alhali su ne suka fi mu saninsa, domin jiki magayi.

Mun haɗa littafi mai sheƙi da fim na minti talatin, tituna da gine-gine da rijiyoyi, kuma wallahi babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wata rana ina zaune a shirin da masu sauraro ke bugo waya, sai wata mata ta kira. Ta ce ita ba ta musa an yi titi ba, tana bi ta kansa kullum, amma watanni ke nan albashin maigidanta ba ya zuwa a kan kari, kuma babu wanda ya fito ya yi musu bayani. Da muka koma ofis sai muka yanke cewa 'yan adawa ne suka turo ta. Har yau wannan hukunci yana damuna. Matar nan ta ba mu sakamakon zaɓe kyauta watanni kafin a kaɗa ƙuri'a, mu kuma muka toshe kunne.

Abin da ya faru da mu a ƙaramin mataki shi ya faru da John Mahama a Ghana a 2016. Gwamnatinsa ta fitar da wani koren littafi cike da hotunan asibitoci da makarantu da gadoji. Ayyukan suna nan, ana ganinsu. Amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne ɗauke wutar lantarki da suka yi fama da shi shekara da shekaru, wanda suke kira dumsor, da kuma tsadar rayuwa. Nana Akufo-Addo ya kayar da shi tun a zagayen farko da kusan kashi 54 cikin 100.

Ka dubi George Bush babba a Amurka. A farkon 1991, bayan an kori sojojin Iraƙi daga Kuwaiti, farin jininsa ya kai kusan kashi 89 cikin 100. Cikin ƙasa da shekara biyu, a Nuwamban 1992, ya tashi da kashi 37 kacal na ƙuri'u. Tattalin arziki ya yi sanyi, ga alkawarin da ya ɗauka a 1988 na ba zai ƙara haraji ba, ya kuma ƙara a 1990. Sannan a wata muhawara da talakawa ke yin tambayoyi da kansu, kyamara ta kama shi yana duba agogon hannunsa. Duba agogo ba laifi ba ne. Ya yi masa illa ne saboda ya dace da zargin da ke zukatan mutane tuntuni, cewa mutumin nan ba ya jin zafin da suke ji. Haka hoto yake aiki a kan mai mulki: wanda ya gaskata abin da ake raɗe-raɗi a kansa shi ke zama, sauran kuwa iska ke kwashewa. Sarkozy a Faransa ya yi bikin nasararsa ta 2007 a wani gidan cin abinci na attajirai a Paris, ya wuce hutu a jirgin ruwan wani hamshaƙin mai kuɗi. Laƙabin shugaban masu kuɗi ya bi shi shekara biyar, har Hollande ya kayar da shi a 2012.

To, ga amsar taƙaddamarku. Kowane zaɓen tazarce ɗayan biyu yake zama: ko dai hisabi a kan mai mulki, ko kuma zaɓi tsakanin mutum biyu. 'Yan adawa hisabi suke so. A muhawarar Oktoban 1980 Ronald Reagan ya juya ga masu kallo ya tambaye su ko sun fi jin daɗi yanzu a kan shekara huɗu da suka wuce. Da hauhawar farashi sama da kashi 13 cikin 100, da Amurkawa 52 a tsare a Tehran, shugaba mai ci Jimmy Carter ba shi da amsa. Shi kuma Reagan da ya zo neman nasa tazarcen a 1984, shi da kansa ya gayyaci hisabin, domin hauhawar ta sauko zuwa kusan kashi 4 kuma mutane sun ji sauƙin a aljihunsu. Tallansa na wayewar gari a Amurka, mai nuna mutane suna fita aiki suna sayen gidaje, ya karɓu saboda ya yi daidai da abin da suke gani. Ya lashe jihohi 49 cikin 50.

Obama a 2012 bai samu irin wannan sa'a ba. Rashin aikin yi yana wajen kashi 8 cikin 100, kuma mutanensa sun san idan zaɓen ya zama hisabi akwai matsala. Sai suka kashe maƙudan kuɗi tun bazara, kafin yawancin jama'a su san abokin hamayyarsa Mitt Romney sosai, suna nuna tarihinsa a kamfanin Bain Capital da ma'aikatan da suka rasa aiki a wasu kamfanonin da ya saya. Da wani bidiyo ya fito a Satumba, inda Romney ke magana a kan kashi 47 na Amurkawa a matsayin masu dogaro da gwamnati, ya faɗo ne a ƙasar da aka riga aka share. Obama ya ci da ƙuri'un wakilai 332, Romney 206.

Ka ga kenan ɓangarorin kwamitinku biyu kowa na iya yin daidai, kowa na iya jefa ku rami. Abin da zai raba gardamar shi ne sanin haƙiƙanin yadda jama'a ke ji, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Mai mulki yana kewaye da fadawa waɗanda abincinsu ya dogara da faranta masa rai. Duk taron da ya je an cika fili, wani lokaci da mutanen da aka ɗauko a mota, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce. Ku ɗauki masu binciken jin ra'ayi daga waje, waɗanda ba sa neman muƙami, ku biya su ko da labarin da suka kawo mai ɗaci ne. Ku tara mutum takwas ko goma waɗanda suka zaɓe shi a baya amma yanzu suna shakka, ku bar su su yi magana, kada wani ɗan jam'iyya ya zauna a ɗakin. Waɗannan masu shakka su ne zaɓen. Sannan a samu mutum ɗaya mai ƙarfin halin da zai kai wa shugaban sakamakon yadda yake. A kamfe ɗin da muka ci, muna da irin wannan dattijo. A wanda muka faɗi, rahoto sai an wanke shi sau uku kafin ya isa sama.

Idan binciken ya nuna akwai wani babban ciwo, kada ku yi tsalle ku wuce shi. Shugaban ya ambace shi da bakinsa, ya faɗi abin da ya hana, ya faɗi abin da zai yi da kuma lokacin. Mutane na iya yafe gazawa, amma nuna musu kamar ciwonsu bai faru ba yana ƙona rai. Ka tuna Satumban 2014 a Abuja, lokacin da wasu magoya bayan Goodluck Jonathan suka kafa allunan tazarce da taken da suka kwaikwayo daga kiran a dawo da 'yan matan Chibok, alhali yaran suna hannun Boko Haram. Sai da shugaban ya ba da umarnin a cire su, amma hotunan sun riga sun zaga duniya. Ba ofishinsa ne ya kafa ba, sai dai a idon jama'a duk abin da aka yi da sunan mai mulki nasa ne.

Wannan ya kawo ni kan sojojin baka, na rediyo da na Facebook da sauransu. Ku riƙe linzaminsu tun wuri. Idan za ku taɓa abokin hamayya, ku taɓa tarihin aikinsa da maganganunsa, da hujjar da za ku iya karewa a gaban kowa. Ku nisanci ƙabilarsa da addininsa da lafiyarsa. A Janairun 2015 wani gwamna ya sayi shafin farko na jaridu yana nuni da cewa Buhari na iya mutuwa a kan mulki, har kwamitin kamfe na shugaban ya nesanta kansa da tallan. Irin wannan ba ya jawo mai shakka, tausayin wanda aka zaga yake ƙara masa. A ƙarshen Maris Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. Ni kuma bayan maganar ƙuri'a, ba na son ka saka hannunka a abin da zai raba mutanen da dole su ci gaba da zama tare bayan zaɓe.

Muhawara kuma kada ku raina ta. Masu mulki sun saba faɗuwa a ta farko: Reagan a 1984, Obama a Denver ranar 3 ga Oktoban 2012, sai Biden ranar 27 ga Yunin 2024, wanda bai kai wata guda ba bayanta ya janye daga takarar. Dalili ɗaya da na lura da shi shi ne mutumin da ya shekara huɗu ba a katse masa magana ya manta yadda ake musu. Ku sa shi atisaye da wanda ba ya jin nauyinsa, ku ɗauka a bidiyo ya kalli kansa.

Babban jarin mai tazarce shi ne ana iya ganinsa yana aiki. Macron bai bayyana takararsa ta 2022 ba sai 3 ga Maris, ta wasiƙa a jaridu, yana ta fama da batun yaƙin Yukiren, kuma ya ci da sama da kashi 58. Amma ku raba aljihun gwamnati da na kamfe, ku ajiye rasidin kowane abu. An samu Sarkozy da laifi a kotu a 2021 saboda kamfe ɗinsa na 2012 ya kashe kusan ninki biyu na abin da doka ta yarda. Nixon na Amurka ya lashe jihohi 49 a 1972, amma ɓarnar da mutanen kwamitin tazarcensa suka yi ta fasa ofishin 'yan adawa a ginin Watergate ta sa ya yi murabus a 1974. Kai ƙaramin ma'aikaci ne a ciki, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

A wannan makon, kafin zamanku na gaba, ka saurari shirye-shiryen bugo waya na tashoshin da ba sa goyon bayanku, kwana bakwai a jere. Ka rubuta koken da aka fi maimaitawa da kalmomin masu kiran, kada ka gyara musu. Ka kai takardar gaban kwamitin, ka tambaye su wace amsa shugaban yake da ita ga guda uku na sama. Idan ka samu abin da suka ce, ka dawo mu duba tare.