Tambaya da Amsa: Jituwa ce ko sulhu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar 'yan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mutum biyu daga cikinmu sun saɓa kan kuɗin motar da ta kawo musu tumatir, dattawa suka zaunar da su aka kashe maganar. Na rubuta "Takardar Jituwa" a saman shafi, sai wani dattijo ya ce ba haka ake faɗa ba. Ina kuskuren yake?
Daga mai karatu a Agege

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, dattijon nan ya fi ka gaskiya.

Jituwa ta fito daga aikatau "jitu", wanda ke aji ɗaya da haɗu, taru, rabu da gamu. Shi ya sa sunayensu duk suka ƙare da "-uwa": haɗuwa, taruwa, rabuwa, gamuwa. Irin waɗannan aikatau ba sa ɗaukar karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Ana cewa "sun jitu" ko "ya jitu da maƙwabcinsa", amma babu Bahaushen da zai ce "dattawa sun jitu su". Abin da dattawa suka yi shi ne sun sasanta su, ko sun sulhunta su, ko sun shirya su.

To, kuskuren naka a nan yake. Jituwa hali ne da ke tsakanin mutanen da jininsu ya haɗu, ba aiki ba ne da ake gamawa a zama ɗaya a sa hannu. Sulhu kuwa, wanda muka aro daga Larabci, sai an yi rigima ake yin sa, yana da ranarsa da shaidunsa. Ana iya yin sulhu yau, a shekara ana gaisawa sama-sama ba a jitu ba. Wannan shi ne zaman doya da manja, ko da yake wanda ya ci gasasshiyar doya da manja a Legas zai yi mamakin yadda aka yi musu wannan ƙazafi.

Rubuta "Takardar Sulhu". In akwai kuɗin da ɗaya zai biya, "Yarjejeniyar Sulhu" ta fi, ka sa adadin da ranar biya da sunayen shaidu. A cikin bayani kana iya cewa "bayan rashin jituwar da ya shiga tsakaninsu", domin kalmar ta fi yawo a haka, tare da "rashi". Tana da laushi kuma, ba ta nuna wanda ya tsokano wani, saɓanin "faɗa" ko "rikici" da ka iya tayar da tsohon miki in an karanta a gaban masu abin.

A kula, tsakanin mutane ko al'ummomi kalmar ta fi zama daram, kamar a ce akwai jituwa tsakanin Hausawa da Yarbawa a unguwa. Hula da riga dacewa suke yi, ba jituwa ba. Abincin da ya ɓata maka ciki kuwa, cewa za ka yi bai karɓe ka ba.