Me ya sa "p" da "f" ke rikice wa Bahaushe a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Nahawun Turanci ba ya ba ni wahala sosai, amma da na buɗe baki sai 'yan ajinmu su fashe da dariya, wai ina cewa "fen" a maimakon pen, da "pipty" a maimakon fifty. Har na daina ɗaga hannu a aji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Daina ɗaga hannun nan ya fi damuna a kan kuskuren kansa, don haka gobe ki ɗaga shi. Bakinki lafiyarsa ƙalau, abin da ya saba da shi tun kina goye yake yi.

Hausa ba ta raba "p" da "f". Sauti ɗaya gare mu, kuma da leɓɓa biyu muke yin sa, haƙora ba su da hannu a ciki. Shi ya sa yake sauyawa daga gari zuwa gari: Bakano ya ce "tafi" da "fari", Basakkwace ya ce "tahi" da "hwari", kuma kowa ya gane kowa. Da kalmomin Turanci suka shigo mana ma, can muka tura su: pencil ya zama fensir, petrol ya zama fetur, pump ya zama famfo. A Hausa wannan daidai ne ɗari bisa ɗari. A Turanci kuwa sautuka biyu ne masu sauya ma'ana, wanda ya nemi copy daban, mai son coffee daban.

To ga aikin. Ɗauki madubi. Ki ɗora haƙoranki na sama a kan leɓenki na ƙasa, ki hura iska a hankali. Wannan shi ne "f", kuma kina iya jan sa har numfashinki ya ƙare. Muddin ba ki ga haƙoranki a madubin ba, ba ki yi shi ba. Shi kuma "p", rufe leɓɓa za ki yi ruf, ki tara iska, sannan ki sake ta lokaci guda. Ba ya jawuwa. Riƙe 'yar takarda dab da bakinki ki ce pan, za ki ga ta yi tsalle.

Kada ki fara da dogayen jimloli. Ki riƙa haɗa kalmomi bibbiyu: pan da fan, pull da full, pile da file. Ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, domin kunne ba ya kama kuskuren mai shi a lokacin da yake magana. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

In "f" ya zauna, "v" ya zo da sauƙi. Wurin haƙora ɗaya ne, sai dai maƙogwaro yana rawa. Taɓa shi da yatsa ki ji. Mu "b" muke mayar da shi, kamar a direba da talabijin, amma vote ba boat ba ne.

Wanda yake shakkar Bahaushe zai iya, ya nemi jawaban Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1960 a intanet ya saurara. A makarantun Bauchi da Katsina ya koyi Turancinsa kafin ya taka Landan, kuma har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare.

Abu na ƙarshe, tunda jarrabawar WAEC na gabanki kuma tana da takardar furuci: ki bi sauti, kada rubutu ya yaudare ki. A phone da photo, "ph" ɗin "f" ne. Haka "gh" na laugh da enough. A psychology da receipt kuwa, "p" ɗin ba a furta shi sam.