Mai shayi ya goga ɗari biyar ɗina a takarda, ya ce jabu ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege. Ranar Talata da daddare na hau danfo daga Oshodi, na ba kwandasta dubu, ya maido mini da sabuwar ɗari biyar, koriyar nan. Da safe na miƙa wa mai shayin layinmu, ya goga ta a farar takarda, ta bar kore, nan take ya ce jabu ce, a gaban mutane. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokina ya ce in cusa ta cikin wasu kuɗin in ba wani kwandastan da daddare, wai haka kowa ke yi. Tun ranar ko canji ba na son karɓa. Yaya zan yi da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam tela, kwantar da hankalinka tukuna, domin daga bayaninka ban ga abin da ya tabbatar kuɗinka jabu ne ba. Mai yiwuwa ma lafiyarta lau.

Shekaruna da yawa a kan kanta ina ƙirga kuɗi, kuma babu abin da ya ishe ni kamar wannan gogar. Tun da aka fito da sababbin 200, 500 da 1000 a Disamban 2022, aka cika WhatsApp da bidiyon masu goga kuɗi a farin ƙyalle suna salati. Alhali kamfanin buga kuɗi na ƙasa ya fito ya yi bayani a lokacin, cewa irin tawadar da ake buga hoto da manyan rubutun naira da ita tana barin ɗan shaida idan aka goga ta a farin abu. Tawada ce mai kauri, injin yana danna ta ne ta zauna a saman takarda ta yi tudu. To abin da ya yi tudu, in ka murza shi da ƙarfi, ai dole ya bar alama. Sabuwar takarda ta fi yi.

Ga inda haɗarin yake. Wanda ya buga jabu da injin hoto irin na shagunan kwamfuta, mai ƙona garin tawada a jikin takarda, in ka goga tasa sau da yawa ba za ta bar komai ba. Kenan mai shayinku zai iya korar kuɗin gaske, ya karɓi na bogi yana murmushi, ya jefa a gwangwani. Haka masu tsomawa a ruwa: dabarar tana kama jabun da aka yi da tawadar ruwa, amma ba ta kama sauran. Sai kuma masu sayar da biron gane jabu a cikin gosulo, wanda sitacin takarda kawai yake nunawa, ba ya karanta komai na jikin kuɗin. Ni abin da ke tayar mini da hankali ba asarar ɗari biyar ba ne. Legas ce nan. Ka san yadda taro ke haɗuwa a tasha ko a kasuwar Mile 12 da zarar an ɗaga murya an ce wane ya kawo kuɗin bogi, balle baƙo wanda ba ya jin Yarbanci sosai. Mutum ya jawo wa ɗan'uwansa wannan da hujjar farar takarda? Haba.

Ɗauko ta yanzu ka duba da kanka. Kai tela ne, yatsunka sun san bambancin shadda da kwaikwayonta, wannan bai kai shi wuya ba. Shafa babban yatsa a kan hoton Azikiwe da rubutun sunan Babban Banki: ya kamata ka ji kaushi, kamar ɗinki mai tudu. Jabu sumul take kamar takardar makaranta. Takardar naira da auduga ake yin ta, shi ya sa take da wani ƙarfi da ƙara in ka kaɗa ta. Sannan ɗaga ta ga haske. A farin filin nan za ka ga hoton ɓoye yana fitowa daga cikin takardar kanta, ba a samanta aka shafa shi ba. Zaren da kake gani tsinke-tsinke a jikinta zai koma layi ɗaya miƙaƙƙe. A jabu zana shi ake yi ko a manna, farce ma yana ɗaga shi. Idan dubu ce, mai hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ƙara da duba tambarin nan mai ruwan zinare, na gaske ba ya ɓarewa in an kankare shi. Mafi sauƙi duka, ajiye ta kusa da wata ɗari biyar da ka amince da ita. In kuma aka ba ka biyu masu lamba iri ɗaya, magana ta ƙare.

Ka lura da wani abu. Dubu ce babbar takardarmu, saboda haka canji kullum daga ɗari biyar yake farawa zuwa ƙasa. Kowa na ɗaga dubu yana dubawa, ɗari biyar da ɗari biyu kuwa dunƙulewa ake a tura aljihu, musamman ana rige-rigen sauka a mota cikin duhu. Masu shigar da jabu sun san haka. Kunna fitilar wayarka a bayan takardar kafin ka sauka, ko kwandasta zai yi ta masifa, ya yi. Kuɗin leda, daga biyar zuwa hamsin, ba su ne abin damuwarka ba. In ɗan canjin ya yi maka nauyi, yi tiransifa inda ake karɓa.

Shawarar abokinka kuwa, watsar da ita. Da ka karɓa ba ka sani ba, cutarka aka yi. Ranar da ka miƙa ta kana zaton jabu ce, ka zama mai laifi a idon doka. Dokar Babban Banki ta 2007 ta yanka wa mai buga jabu ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, akwai kuma dokar da ke hukunta mai kashe ta da saninsa, kuma ɗan sanda ba zai tsaya tantance wa ya buga wa ya tsinta a ranar farko ba. Sannan wa kake tsammanin za ta faɗa wa a ƙarshe? Mai kunu ko yaron da ke tallan ruwa, wanda ɗari biyar ita ce ribarsa ta yini.

In ka duba har yanzu kana shakka, kai ta banki ka ce a duba maka. Ba zan yaudare ka ba: in jabu ce za su riƙe, ba za su ba ka ko sisi ba, wataƙila ma ka yi awa guda a layi kafin a saurare ka. Wannan ne ya sa mutane ba sa kaiwa, ni ma ya daɗe yana ba ni haushi. In kuwa ta gaske ce, koma da ita wajen mai shayin, a gaban mutanen nan dai, ka sa shi ya ɗauko sabuwar ɗari biyar daga gwangwaninsa ya goga a takardarsa.