Ɗana, ga amsar tambayarka kan "to kai me ka yi?"

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce aikin da aka haɗa ku kai da abokin aikinka ya lalace domin shi bai kawo nasa ɓangaren a kan lokaci ba, aka tara ku aka yi muku faɗa tare. Da ka kai kuka wurin mahaifinka, sai ya tare ka da "to kai me ka yi?" Shi ne kake tambayata ko wannan al'ada ta manya, ta mayar wa mai ƙorafi da tambaya, ba zalunci ba ce.

Na san da zafi. Amma mahaifinka bai ce kai ne mai laifi ba. Abokin aikin naka ba ya wurin, babu abin da mahaifinka zai iya yi masa. Kai ne a gabansa, kuma abin da ke hannunka shi kaɗai za a iya gyarawa a wannan zaman. Yaushe ka lura aikin ya fara jan ƙafa? Ka tuntuɓi mutumin? Ka sanar da shugabanku tun da sauran lokaci, ko ka yi shiru don kada a ce ka kai gulma? Ko da kasonka ɗan ƙanƙani ne, shi ne wanda kake da iko a kansa. Laifi tudu ne, in ji magabata, ka taka naka ka hango na wani. Tambayar manya ta ce ka sunkuya ka dubi ƙarƙashin ƙafarka ne.

Ka tuna labarin Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi. A shekara ta 9 bayan hijira bai fita yaƙin Tabuka ba. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo kowa da uzurinsa har da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka sallame su. Ka'abu mawaƙi ne, mai iya zance, da ya so da ya tsara uzurin da zai wuce. Sai ya ce ba shi da wani uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin da ya zauna ba. Danginsa suka bi shi suna zuga shi ya koma ya sake magana, bai koma ba. Dare 50 aka yi ba mai ce masa uffan, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, kafin ayar karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba.

Akwai wurin da ya fi tsaya mini a rai a labarin. Ana cikin wannan ƙunci sai wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan, yana ce masa ya ji an wulaƙanta shi, ya taho wurinsu a karrama shi. Ka'abu ya jefa takardar a wuta. Ɗana, duk ranar da abu ya ɓaci, ba za ka rasa mai aiko maka da irin wannan saƙo ba. Wani zai ce ai kai ba ruwanka, hassada ake yi maka, dama an tsane ka. Maganar tana da daɗi a kunne, amma wanda ya karɓe ta ya rufe wa kansa ƙofar gyara, domin ya yarda cewa duk abin da ya same shi a hannun wasu yake.

Kada ka ɗauka wannan zancen wa'azi ne kawai. A watan Disamba na 1974 wani jirgin fasinja ya daki dutse a jihar Bajiniya ta Amurka yana shirin sauka, mutum 92 suka mutu. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan wasu matuƙa na wani kamfanin sun yi irin kuskuren da ya jawo hatsarin a wurin, suka tsira da ƙyar, amma labarin bai fita daga cikin kamfaninsu ba. A 1976 aka kafa tsari a ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda matuƙi zai kai rahoton kuskurensa da kansa, a sakaya sunansa. Sun gane cewa inda kowa ke tsoron a kama shi, kowa ɓoyewa yake yi, kuskuren kuma ya zauna yana jiran na gaba.

Sai dai ba zan rufe ka ba, akwai inda ake ɓata wannan al'ada, kuma abin yana ci mini rai. Mace ta zo da kumburarriyar fuska a ce mata "me kika yi masa?" Yaro ya kawo ƙarar babba da ya ci zarafinsa a ce ai shi ya ja. Wannan ba tarbiyya ba ce, taya azzalumi aiki ne. Wanda aka zalunta a fara kare shi, a kira zaluncin da sunansa. Tambayar "me ka yi" tana da wuri ne a al'amarin da hannaye suka haɗu a cikinsa, kamar naku.

Kuma ɗaukar kasonka ba yana nufin ka kwana kana zagin kanka ba. Na san halinka tun kana ƙarami, kana iya ɗora wa kanka kayan mutum biyu. A Uhudu, da mafi yawan maharban da aka ajiye a kan tudu suka bar wurinsu aka sha wahala, Alƙur'ani bai ɓoye ba, ya ce abin daga gare su yake. Amma a cikin surar nan ta Ali Imrana aka umarci Annabi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. An faɗi kuskuren a fili, ba a zubar da mutanen ba. Haka nake so ka yi wa kanka, ka kuma yi wa abokin aikinka.

Ka je wurin shugabanku ka faɗi naka a taƙaice: na ga jinkirin, ban yi magana da wuri ba, nan gaba zan sanar tun ranar da na gani. Kada ka manna masa "amma" a wutsiya. In ya tambaye ka ɓangaren abokinka, ka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Shi kuma abokin ka same shi ku biyu, ka fara tambayarsa abin da ya tsare shi kafin ka yanke masa hukunci, ta yiwu akwai abin da ba ka sani ba. Sannan ku tsayar da ranakun da za ku riƙa duba aikin juna.

Ka koma wurin mahaifinka ka ba shi amsar tambayarsa, na san yana jira. In kun yi magana ka kira ni. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka