Buhun dutsen da aka kawo maka daga Obuasi

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambayar da na ga ta daɗe tana cin ka. Ka ce wani abokinka ya kawo maka ɗan buhun dutse mai ƙyalli daga wajen Obuasi, garin haƙar zinariya a nan Ghana, kana so ka riƙa narka shi da yamma a gidanku can Aboabo, don sha'awa kawai, ko Allah zai sa ka fitar da 'yar zinariya da azurfa. Ban amsa maka nan take ba don an kira magariba, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Na ji daɗin tambayar. Yaron da yake son sanin inda ƙarfen da yake bugawa ya fito, shi ne zai zama maƙeri.

Mu fara da lissafi. Dutsen da ake samun giram 10 na zinariya a cikin tan guda, wato kilo 1,000, masu haƙa suna ƙirga shi cikin mai kyau. A ce buhunka kilo 5 ne, kuma irin wannan dutsen ne. Abin da ke ciki shi ne giram ɗaya a raba gida 20, ka ɗauki kashi ɗaya. In ya dunƙule bai kai ƙwayar gero ba, shi ma sai in babu abin da ya salwanta a hanya. Ƙyallin da ya ja hankalinka kuwa, galibi ba zinariya ba ce, wani dutse ne na ƙarfe da farar wuta. Ɗora ɗan ɓallinsa a uwar maƙera ka buga da guduma. Zinariya baje wa take yi, shi kuwa ya ruguje ya zama gari.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba dutse ake narkawa ba. Wuta ita ce aiki na ƙarshe, kuma mafi ƙanƙanta. Sai an fasa, an niƙa ya yi laushi, an wanke, an sake wankewa. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi bai kai sau 3 ba, shi ya sa in ana jujjuya kwano cikin ruwa yashi ke tafiya ita ta kwanta a gindi tare da baƙin rairayi. Wannan ɗan abin da ya rage shi ke shiga kasko. Zinariya tana narkewa a digiri 1,064, azurfa a 962, amma farin dutsen da ke riƙe da su sai wajen 1,700, zafin da murhun gawayinmu ba ya kaiwa. Boraks ɗin da kake gani ina barbaɗawa, aikinsa ke nan: ya haɗu da dattin su narke tare kamar gilashi, ƙarfe mai nauyi ya nutse ya dunƙule a ƙasa, kashin maƙera ya tsaya a sama. Malaman jami'ar ma'adinai ta Tarkwa sun ƙera wani murhu a kan wannan hanya domin ƙananan masu haƙa, suka sa masa suna sika bukyia, wato murhun zinariya da Asantanci. Boraks da tokar soda ake sa wa garin da aka wanke, babu zaiba ko ɗigo.

To amma dutsen Obuasi yana da nasa hali. Da yawa daga cikin zinariyarsa a kulle take cikin wani dutse mai gubar asanik, ido ba ya ganinta, wanki ba ya fitar da ita. In ka sa masa wuta za ka ji wari kamar na tafarnuwa, kuma gubar ce ke tashi. Kamfanin da aka kafa a can tun 1897 ya yi shekaru yana gasa dutsen, sai a 1994 aka soma amfani da wasu ƙwayoyin halitta masu cinye abin da ya kulle zinariyar a cikin manyan tankuna. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne.

Tsakar gidan ne ya hana ni barci daren jiya. Na san gidanku. Ɗakuna kewaye, murhun mata a tsakiya, ga randa, ga yara suna rarrafe a ƙasa. A 2010 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, maza suna kawo dutsen zinariya gida, ana daka shi a turmi ana niƙawa a cikin gida. Dutsen yana ɗauke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, ta shiga abinci, yara suna wasa suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, neman abinci suke, kuma babu wanda zai kalli dutse ya ce akwai dalma a ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Buhun nan, yau ka fitar da shi daga gidan, kada a daka ko ɗan ɓalli a turmin Inna.

Za a kuma ce maka ka sayi zaiba, wai ita ce hanya mai sauƙi, kamar yadda 'yan galamse, masu haƙa ba lasisi, ke yi. Gaskiya tana kama zinariya. Amma in an zo rabuwa sai an ƙona, kuma zaiba tana tafasa a digiri 357, ta zama tururin da ba shi da wari ba shi da launi. Ta shiga huhu, ta maƙale a bango da tufafi. Akwai wanda muka koyi sana'a tare da shi, ya koma ƙona wa masu haƙa curinsu na zaiba da zinariya a ɗan ɗaki. Hannun da ya fi nawa iya zanen zobe, yau ba ya riƙe kofin shayi sai ya zuba. Duk lokacin da na gaishe shi sai na ji abin a raina.

Azurfa kuma, kada ka sa ran za ta fito daban. 'Yar kaɗan ce, a gauraye take cikin zinariyar, tare suke dunƙulewa. Raba su sai da asid mai tayar da jan hayaki, shi ma mai cin huhu ne, ba zan sa ka a kansa ba tukuna. Ga kuma hukuma. Dokar ma'adinai ta 2006 ta sa haƙa da lasisi, kuma tun 2025 cinikin zinariyar ƙananan masu haƙa yana hannun hukumar GoldBod da waɗanda ta ba izini. In aka gan ka da ɗanyar zinariya babu takarda, ba za a tsaya jin cewa sha'awa ce ba.

Sha'awar taka kuwa ba zan kashe ta ba, akwai inda za ka kai ta. Ka ga gwangwanin nan da ke ƙarƙashin benci, wanda nake hana ku zubarwa? Sharar shago ce: garin da magagari ke zubarwa, ƙurar goge kaya, tsummokara. Zinariyar da ke ciki ta fi ta buhunka nesa ba kusa ba, kuma mun san abin da muka zuba. Za mu ƙone tsummokaran su zama toka, mu bi da maganaɗisu ya kwashe ɓarɓashin ƙarfe, ka wanke da hannunka har ka gane yadda nauyi ke kwanciya a kwano. Sannan mu narka a bayan shago inda iska ke wucewa, kai a kan zugazugi, ni da awartaki. Ka lura da mazubi, sai an gasa shi ya bushe ƙayau, don ɗigon ruwa ɗaya yana sa narkakken ƙarfe ya yi tsalle a fuska.

Ranar Asabar ka zo da wuri, bayan asuba. Ka sa takalmi rufaffe da riga ta auduga, ba irin mai narkewa a jiki ba, tabarau yana nan a aljihun tebur. Ka taho da dutse ɗaya daga buhun, a ɗaure cikin leda, mu gwada shi da guduma ka gani da idonka.