Amsa ga mai jegon da ke fama da haki

Wa alaikumus salam. Hajiya, kin ce tun da kika haihu, bene kawai za ki hau sai haki da bugun zuciya, an duba ƙirji an ce lafiya lau, amma PCV ɗinki, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jininki, 24 ne cikin ɗari. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini a nan Kano, kuma masu jego da yawa da wannan kukan suke zuwa mana.

Huhu shigo da iska kawai yake yi, dakonta kuwa aikin jajayen ƙwayoyin jini ne. A cikin kowace ƙwaya akwai himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, kimanin miliyan 270, kowanne da gurbi huɗu na sinadarin ƙarfe inda oksijin ke maƙalewa. A huhu, inda iskar ta wadata, sai ya kama ta. In jinin ya kai tsoka ko ƙwaƙwalwa, inda ta yi ƙaranci, sai ya sake ta. PCV na mace mai lafiya yakan kama daga 36 zuwa sama. Jininki yanzu tamkar mahaɗar Bata ce ta nan Kano da yamma: fasinja cunkus, adaidaita ƴan kaɗan. Dole zuciya ta ƙara gudu don waɗanda suka rage su yi ta sawu, shi ne bugun da kike ji.

Jar ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 ko kusa da haka, ɓargo ke ƙera sababbi, shi kuma ba ya yi sai da ƙarfe. Nan nake saɓawa da masu cewa a sha lemon malt da madarar gwangwani. Daɗi ne kawai, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Hanta, jan nama, wake, zogale da alayyafo sun fi, a bi su da lemon zaƙi. Shayi kuma a ɗan jinkirta shi bayan abinci, don yana hana jiki tsotsar ƙarfen.

Amma a 24 abinci kaɗai ba zai isa ba. Ki koma asibiti a ba ki maganin ƙarin jini, a kuma gano inda jinin ke tafiya: ko jinin biƙi ne bai tsaya ba, ko zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa ƙwayoyin nan kai tsaye. In hakin ya kai kina zaune ma kina yinsa, ko jiri na ɗibar ki, kada ki jira gari ya waye. Allah ya raya jaririn, ya ba ki lafiya.