Furfura Kafin Shekara Talatin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 26, kuma tun bara furfura ta fara fito mini a gaban kai. Gwaggona ta ce turaren da nake fesa wa ɗankwali ne ya jawo, ƙawayena kuma suka ce yawan tunani ne. Shin cuta ce, kuma yaya zan tsayar da ita?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarin melanin, wanda shi ne ke ba gashi baƙinsa, kuma idan suka gaji ko suka ƙare sai gashin ya tsiro fari. Ga baƙar fata, likitoci suna ɗaukar furfurar da ta zo kafin shekara 30 a matsayin ta wuri, don haka tambayarki tana kan hanya.

Babban dalili shi ne gado. Ki tambayi gwaggo lokacin da mahaifinki ya fara tasa, domin furfurar gado ba ciwo ba ce kuma babu maganin da ke mayar da ita baƙa. Batun turare ba shi da hujja. Na ƙawayenki ya fi kusa da gaskiya, tunda a 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa tsananin tashin hankali yana ƙarar da waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓeraye.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wata lalura ta ɓoye a bayanta. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo furfura, haka ma matsalar tayirod, wato halittar gaban wuya da kumburinta ake kira maƙoƙo. Idan kina fama da kasala, jiri, mutuwar yatsu ko rama ba dalili, ki je asibiti, ko da na koyarwa na Jami'ar Jos ne, a gwada jininki, domin irin wannan furfura takan tsaya idan aka magance tushenta. Ki riƙa cin hanta, kifi, ƙwai da kindirmo, ki kuma nisanci sigari da shisha.

Kada ki tsige furfurar. Ba ya ƙara yawanta kamar yadda ake faɗa, amma yana iya lalata gindin gashin. Idan rini kike so, jan lallen gargajiya ya fi aminci, domin baƙin rini na kanti yakan ƙunshi sinadarin PPD mai sa ƙaiƙayi da kumburi. In kuwa shi za ki shafa, ki fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, ki jira awa 48.